Maki ba gyara ba ne: magana ga masu shirin tafiya TP

 Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare. Da ku nake 'yan'uwana ɗaliban koyon aikin malanta, na Gidan Waya da na Zariya da na Kafanchan da sauran wurare, musamman waɗanda sunayensu suka fito cikin masu tafiya TP. Nan ba da jimawa ba za a watsa mu makarantun firamare, wani Kagoro, wani Kwoi, wani Kachia, wani Kagarko, wani kuma Jere can bakin hanyar Abuja. Hirar da ake ta yi a hostal ba ta wuce ta ɗakin haya da kuɗin mota da ɗinkin da za a sa ranar da malami zai zo dubawa. Ba laifi, duk lalura ce. Sai dai akwai aikin da za mu riƙa yi sau hamsin ko sau ɗari kullum a cikin aji, kuma ban cika jin ana hirarsa ba, wato abin da za mu ce wa yaro idan ya miƙo mana littafinsa, ko ya ɗaga hannu ya ba da amsa.

Ra'ayina tun daga farko shi ne, yawancin jan biron da ake zubawa a littattafan yara ba ya koya musu komai. Yana nuna wa hedimasta cewa malam ya yi aiki, yana nuna wa uba cewa ɗansa ya ci ko ya faɗi, amma shi mai littafin, ɗan shekara bakwai, ba a gaya masa komai ba. An rubuta masa 3/10, an ja layi biyu a ƙasa, an ƙara da "Poor" ko "See me" da Turancin da bai iya karantawa ba tukuna. Ya duba, ya leƙa na kusa da shi ya ga 8/10, ya rufe littafi ya cusa a jaka. Abu ɗaya ya tafi da shi gida: ni ba na ganewa. Gobe kuma za a ɗora masa sabon darasi a kan wanda bai zauna ba.

Bari mu sauko ƙasa da misali don kada maganar ta zama lakca. Ka ba 'yan aji biyu lissafi, 52 a cire 18. Amsa 34. Wata yarinya ta rubuta 46, wani yaro ya rubuta 44, wani kuma 70. Idan aikinka jan biro ne kawai, duk ukun za ka ba su kuros ka wuce. Amma ba ciwo ɗaya ke damun su ba. Mai 46 ta dubi 2 da 8, ta ga takwas ba za ta fita daga biyu ba, sai ta juya su ta cire ƙarami daga babba ta samu 6, sannan ta cire 1 daga 5 ta samu 4. Ta iya cirewa, aro ne ba ta sani ba. Mai 44 ya san aro. Ya ari goma, 2 ta zama 12, ya cire 8 ya samu 4, sai ya manta cewa biyar ɗin da ya yi aro a wurinta ta koma huɗu. Taki ɗaya ya rage masa. Mai 70 kuwa lissafinsa daidai yake tsaf, tarawa ya yi maimakon cirewa, ko dai bai dubi alamar ba ko bai santa ba.

To kowa da maganinsa. Mai 70 ka ce masa, "Sa yatsanka a kan alamar nan. Me take cewa a yi?" Ka tafi abinka, zai gyara da kansa. Mai 44 ka ce, "Aron da ka yi daidai ne. A wurin wa ka ara? Nawa ya rage masa?" Ita kuma mai 46 magana ba za ta ishe ta ba. Ka ba ta ɗauri biyar na tsinke, kowane ɗauri goma, da tsinke biyu a warwatse, ka ce ta ba ka goma sha takwas. Dole ta kwance ɗauri ɗaya. Ran da ta kwance da hannunta, ran nan ta san abin da ake nufi da aro. Duk wannan bai kai minti uku ba, kuma ba ka ba kowa amsa ba.

Wannan shi ne abin da ake karantar da mu a kwas ɗin auna fahimta, muke haddace shi don cin jarrabawa: akwai gwajin da ake yi ana cikin koyo domin a gyara, akwai jarrabawar ƙarshen zango da ake yi domin a yanke hukunci. Magini yana ja da igiya a kowane layin bulo saboda a lokacin ne karkata ke gyaruwa. In ya bari sai an ɗora kwano sannan ya auna, labari kawai zai ba mai gida. Gyaran da ke amfanar yaro yana ɗauke da abin da ya yi daidai, a faɗa masa takamaimai, da wurin da ya kauce, da abin da zai yi yanzu-yanzu. Sannan a ba shi lokacin yin sa. Wannan na ƙarshen shi aka fi tsallakewa. In ka rubuta gyara mai kyau, yaro ya rufe littafi aka shiga wani darasi, wahalar banza ka yi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a mahaɗar Jere ya ga yara masu talla suna bin motoci. Ka ɗauki gyaɗar ɗari uku da hamsin ka miƙa wa yarinya dubu ɗaya, kafin direba ya ja mota ta ba ka ɗari shida da hamsin cif, ba biro ba takarda. Irin wannan yarinyar ce za ta zauna a ajinka ranar Litinin ta rubuta 46, wani ya kira ta daƙiƙiya. Abin ba a nan kaɗai yake ba. A 1985 wasu masu bincike uku, Terezinha Carraher da David Carraher da Analucia Schliemann, sun gwada yara masu talla a garin Recife na ƙasar Brazil. Da aka yi musu tambayoyi cikin ciniki, sun ci kusan 98 cikin 100. Da aka ba su lissafin nan dai su yi a takarda da zallar lambobi, abin da suka ci bai wuce 37 cikin 100 ba. Kan yaran ɗaya ne, hanyar tambayar ce ta canja. Saboda haka idan ka ga 46, gwada cewa, "Lemu 52 ne a tirenki, an sayi 18, nawa suka rage?" Sau da yawa za ta ba ka 34 da baki. Daga nan aikinka ya zama haɗa abin da ke kanta da abin da ke takarda, kuma kai ma ka koyi wani abu game da ita wanda jan biro ba zai taɓa nuna maka ba.

Kada wani ya ce wannan sabon salon Turawa ne. A gidajenmu muka taso muka tarar da shi. A makarantar allo yaro yana biya karatunsa a gaban malam, malam yana saurare, inda ya kauce a nan za a tsayar da shi, a kan kalmar, a maimaita masa, ya maimaita. Ba a wanke allo sai karatu ya zauna. Ba wanda ke ce masa ya ci shida cikin goma ya wanke ya wuce gaba. Ba dorinar nake yabo ba, sauraron nake yabo, da ƙin wucewa gaba a kan ɓaraka. Haka manomin citta a Kagarko ko Kachia ko ƙasar Jaba, idan yana koya wa ɗansa yanka iri. Zai ɗauki yanki ɗaya ya ce, "Duba, wannan ba shi da ido, ba zai tsiro ba. Nemi idon kafin ka sa wuƙa." Yaro ya sake yankawa a gabansa. Tela ma in yaronsa ya karkace ɗinki, nuna masa zai yi inda ya ja yadin, ya sa shi ya warware ya sake. Duk waɗannan mutanen ba su yi kwas ɗin auna fahimta ba. Mu da muka yi, sai mu shiga aji mu koma masu raba lamba.

Abin mamaki ma, tsarin boko da kansa ya san da wannan. Tun Tsarin Ilimi na Ƙasa na 1977 aka kawo maganar auna ɗalibi a kai a kai, abin da muke kira CA, kuma aka ƙarfafa ta da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982. Manufar ita ce kada jarrabawa ɗaya ta yanke wa yaro hukunci, malami ya riƙa bibiyar sa yana gyara koyarwarsa. Amma me CA ta zama a hannunmu? Gwaji na ɗaya, gwaji na biyu, aikin gida, a tara su zama 30 ko 40, a cike gurbi a rajista. Mun mai da ita ƙananan jarrabawoyi, hukunci uku maimakon ɗaya. Mu kanmu mun san ɗacin abin. Duk wanda ya yi karatu ko'ina ne ya taɓa tsayawa gaban allon sanarwa ya ga D ko F a gaban lambarsa, bai ga takardarsa ba, bai san wace tambaya ta kayar da shi ba, ya koma ya sake karanta handawut ɗin nan dai yadda ya karanta shi bara. In mu masu gemu da masu aure abin yana ci mana rai, ina ga ɗan aji ɗaya?

Akwai kuma dalilin da ya sa maganar ta fi shafar mu 'yan jihar Kaduna. A 2017 gwamnatin jiha ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 gwaji da tambayoyin aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba, aka sallame su. An yi ta jayayya, ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a farkon 2018, har yau kuma kowa da yadda yake kallon abin. Ba shari'ar nan na zo sakewa ba. Abin da nake so mu lura shi ne, an baza wasu daga takardun amsar a intanet, mutane suka yi ta dariya, amma kowane kuskure da ke jikin takardun nan yana da ranar da aka haife shi. Wani aji ne, wata shekara, yaro ya rubuta shi a karon farko, aka ba shi kuros ko aka sa masa hannu aka wuce. Kuskuren ya bi shi sakandare, ya bi shi kwaleji, ya dawo firamare riƙe da alli, ya koya wa yara tamanin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ajin da za a tura mu shi ne wurin ɗanyen iccen.

Yanzu ga wata magana da za ta yi wa wasu nauyi. Wani zai ce, to shi ke nan, zan ba da maki kuma in rubuta gyara a ƙasa, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. A 1988 wata mai bincike, Ruth Butler, ta gwada wannan a Isra'ila da yara 132 'yan aji biyar da shida. Wasu aka mayar musu da aikinsu da maki kawai, wasu da bayanin gyara kawai, wasu da duka biyun. Waɗanda suka samu bayani kawai su ne aikinsu ya ƙaru. Waɗanda aka haɗa musu maki da bayani ba su fi masu maki kawai ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa raba takardu a aji. Ido yana fara sauka a kan lamba. Mai 9 ya ce me zan gyara, mai 3 ya ce me zai amfane ni, bayanin ya tashi a banza. Ba cewa nake a daina ba da maki ba, rajista tana jira kuma dole a cike ta. Cewa nake a raba musu rana. Ranar gwajin CA a ba da maki. Aikin aji na yau da gobe kuwa, wanda shi ne mafi yawa, a bar shi ya zama na gyara.

Haka kuma ba kowace magana ce gyara ba. Avraham Kluger da Angelo DeNisi sun tattara bincike 131 a 1996 kan abin da ke faruwa idan aka gaya wa mutum yadda aikinsa ya kasance. A fiye da kashi ɗaya cikin uku, aikin mutane lalacewa ya ƙara yi bayan an yi musu maganar. Sun lura abin ya fi faruwa idan maganar ta karkata daga aikin ta koma kan mutumin. To ku auna da abin da muke ji a azuzuwa: "daƙiƙi", "kan kifi", "dubi ƙaninka ma ya fi ka", ko a fito da yaro gaban aji a sa 'yan'uwansa su yi masa waƙar kunya. Ba ko ɗaya a ciki da ya ambaci lissafin. Yaron da aka yi wa haka sau biyu ya koyi darasinsa, ba zai ƙara ɗaga hannu ba. Zai koma bayan aji, ya kwafi na wani, ko ya ɓoye littafi ya ce ya manta a gida. Daga ranar kai malam ka makance, don kuskuren yaro shi ne tagar da kake leƙa kansa, shi kuma ya rufe ta. Wanda aka ci gaba da yi wa haka, wata rana za a ce ya tafi gona ko talla ko acaɓa, a ce ai dama ba shi da kan boko.

Yabo ma yana da nasa tarkon. "Kai gwani ne", "wannan yarinya akwai ƙwaƙwalwa", duk muna faɗa da kyakkyawar niyya. Amma Claudia Mueller da Carol Dweck sun gwada a Amurka a 1998 da 'yan aji biyar. Yaran da aka yaba wa kaifin ƙwaƙwalwa sun fi zaɓar aiki mai sauƙi daga baya, sun fi saurin karaya da suka haɗu da mai wuya, wasu har ƙarya suka yi kan makin da suka ci. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu sun fi jurewa. Yaron da aka naɗa wa sarautar gwani tsoron tuɓewa yake yi. Maimakon haka faɗi abin da ya yi: "Na ga ka sake ƙirgawa kafin ka rubuta, shi ya sa ka kama kuskurenka." Wannan zai iya maimaita shi gobe, na kusa da shi ma ya ji ya ɗauka. Tafi ba laifi ba ne, amma a riƙa tafa wa wanda ya gyara kuskurensa, ba kullum mutum uku na gaban aji ba.

Sai batun harshe, wanda a yankinmu ba ƙaramin abu ba ne. Aji ɗaya a Jere ko Kagarko za ka iya samun ɗan Gbagyi da ɗan Koro da Bafulatani da Bahaushe a benci guda. A Kafanchan ga Bajju, ga Atyap, ga Ham, ga Fantswam, ga waɗanda iyayensu suka zo daga kudu tun zamanin jirgin ƙasa. Gyaran da yaro bai fahimci harshensa ba, ba a yi shi ba. Ko da darasin da Turanci ake yi, in ka sunkuya kusa da yaro ka faɗa masa da Hausa, ko ka sa abokinsa ya faɗa masa da harshen gida, ba ka karya dokar kowa ba. Kuma ka bambance kuskuren fahimta da na harshe. Yaron da ba Hausa ake yi a gidansu ba zai iya rubuta "kafa" yana nufin "ƙafa", ko "daki" yana nufin "ɗaki", saboda kunnensa bai saba raba sautukan ba. Bahaushe kuma ya rubuta "fan" a wurin "pan" saboda dalili irin wannan. Kuros ba zai buɗe kunne ba. Faɗa masa kalmomin biyu a jere, ya saurara, ya faɗa, sannan ya rubuta.

A tambayar baka kuwa, babbar kyautar da za ka yi wa yaro ita ce shiru. Mary Budd Rowe ta auna a shekarun 1970, ta gano malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya bayan sun yi tambaya kafin su tsallaka kan wani ko su ba da amsa da kansu. Da aka sa su jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ba sa magana suka fara. Ka tuna yaronka yana juya tambayar daga Turanci zuwa Hausa, wataƙila daga Hausa zuwa harshen gida, sannan ya juyo da amsar. Ƙirga uku a zuci. In ya ba da amsar da ba daidai ba, kada ka ce "zauna, wa zai taimake shi?" Ka ce, "Yaya ka yi ka samu wannan?" Tambayar nan ta fi duk wani jan biro.

Na san abin da waɗanda suka riga mu zuwa TP za su ce, kuma gaskiyarsu ne. Za su ce malam kana magana kamar yara ashirin ne a ajin. Takarda ta ce malami ɗaya ga yara 35, amma za ka iya tarar da tamanin, wasu a ƙasa, wasu ba fensir. In ka ba kowane littafi minti biyu, minti 160 ke nan, awa biyu da minti arba'in a darasi ɗaya. Ba mai iyawa, kuma wanda ya gwada zai gaji a mako na biyu ya koma sa hannu. Amma ai ba a ce sai ka rubuta wa kowa wasiƙa ba. Yara tamanin ba sa yin kuskure iri tamanin. A lissafin da muka kawo, kusan duk wanda ya faɗi zai faɗa cikin ukun nan ne.

Ga abin da zai yiwu. Ba da tambaya uku maimakon goma, ka zaɓe su yadda kowace za ta tona wani abu. Suna cikin yi kana zagayawa, don gyaran da aka yi fensir na hannu ya fi wanda aka yi bayan kwana biyu. In ka karɓi littattafai, kada ka fara da biro, ka raba su kashi uku: waɗanda suka gane, waɗanda suka kusa, waɗanda ba su kama hanya ba. Minti goma ya isa. Gobe ka buɗe darasi da kuskuren da ya fi yawa, ka rubuta shi a allo ba tare da sunan mai shi ba, ka ce, "Wani ya samu 46. Me kuke gani ya yi tunani?" Za ka ga masu 46 da kansu suna gyarawa, ba wanda aka kunyata. Sannan ka ba kowa minti biyar ya gyara nasa, masu ganewa su zauna da waɗanda suka kusa, kai ka durƙusa wurin 'yan kashi na uku da tsinkenka ko marafan kwalba. A littafi kuma, maimakon kuros, sa ɗigo a gefen layin da matsalar take, ka ce, "Akwai abu ɗaya a layin nan, nemo shi." In kana son sanin ko aji ya gane, daina tambayar "kun gane?", don amsarta "eee malam" ce ko da Sinanci ka yi darasin. Rubuta amsa uku a allo, kowa ya ɗaga yatsa ɗaya ko biyu ko uku a lokaci guda. Cikin daƙiƙa goma ka ga ajin gaba ɗaya. Ka ware yara takwas ko goma kowace rana da za ka tsaya a kansu sosai, cikin mako biyu ka zagaye kowa.

Saura iyaye da masu dubawa. Uba zai tambaya na nawa ɗansa ya zo, haƙƙinsa ne. Amma in ka ƙara masa da cewa, "Baba, ya iya tarawa, aro ne ke ba shi wahala, a riƙa sa shi ba da canji a shago," ka ba shi abin da zai yi, ko bai taɓa shiga aji ba. In ka ce masa na 62 kawai, bulala ka ba shi. Malamin da zai zo duba ka kuwa, littafin da yaro ya yi kuskure, aka nuna masa, ya gyara da hannunsa a ƙasa, hujja ce da ta fi shafi cike da "Good". Kuma ko bai lura ba, shi sau biyu ko uku zai zo. Yaran kullum suna nan. Paul Black da Dylan Wiliam na Ingila, da suka tattara binciken da aka yi kan wannan fanni a 1998, sun nuna cewa irin wannan gyaran yana ɗaga aji duka, amma waɗanda suka fi cin moriyarsa su ne na baya, waɗanda aka saba cewa ba sa ja. Su ne kuma za mu tarar da yawa.

Zangon TP gajere ne, ba za mu gyara rufin da ke yoyo ba, ba za mu kawo benci ko littattafai ba, ba za mu rage yawan yara ba. Waɗannan na gwamnati ne, kuma a ci gaba da yi mata magana a kansu. Abin da ke fita daga bakinmu da bironmu kuwa namu ne, ba ya jiran kasafin kuɗi. Roƙona ɗaya ne. Kafin ka rubuta komai a littafin yaro, malam, kafin ki ce komai kan amsar yarinya, malama, a tambayi kai: in ya ji wannan, me zai yi da shi a minti biyar masu zuwa? In ba abin da zai yi da shi sai jin daɗi ko jin kunya, a sake wata maganar.

Wanda ya san mai tafiya TP bana ya tura masa. Allah ya kai kowa inda aka tura shi lafiya, ya tsare mana hanya, ya sa yaran su amfana da mu.